Kamun kifin perch a mashigin Saginaw: daga gaɓa, daga jirgi, ko ta kan ƙanƙara?

Duk wanda yake zaune a jihar Michigan ta Amurka, ko yake shirin kai ziyara can, idan ya nuna sha'awar kama kifin perch mai ruwan ɗorawa da hannunsa, ba zai daɗe yana tambaya ba za a nuna masa mashigin Saginaw. Wannan mashigi wani babban lungu ne na tafkin Huron da ya kutso cikin jihar ta ɓangaren gabas, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 3,000, kuma daga Detroit zuwa garin Bay City da ke bakinsa tafiyar kimanin awa 2 ce a mota. Hanyoyi uku masu fatsa suke bi a wurin: akwai masu tsayawa a gaɓa, akwai masu shiga jirgi, akwai kuma masu jiran hunturu su taka ƙanƙara su huda rami. Kifin ɗaya ne, koton ma kusan ɗaya ne, amma kuɗin da za a kashe da haɗarin da za a shiga da abin da za a koma da shi gida sun sha bamban ƙwarai.

Kifin kansa ba babba ba ne. Jikinsa rawaya ne mai ratsin baƙi guda 6 zuwa 8 daga baya zuwa ciki, fikafikan cikinsa suna da launin lemo, na gadon bayansa kuma na farko yana da ƙaya mai sukar hannu idan aka damƙe shi da gaggawa. Wanda ya kai inci 8 zuwa 10 ya isa a ajiye, wanda ya kai inci 12 kuwa sai an nuna wa abokai, kuma mafi girman da aka taɓa rubutawa a tarihin fatsa bai kai kilo 2 ba, an kama shi a jihar New Jersey tun 1865. Abin da ya sa ake wahala a kansa namansa ne, fari mai ƙarfi wanda ba shi da ƙarni, shi ya sa yake da tsada a gidajen abinci na yankin manyan tafkunan Arewacin Amurka, waɗanda Huron yake cikinsu, musamman ranar Juma'a da dare da mutanen wurin suka saba cin soyayyen kifi.

Halinsa guda ɗaya ne ya kamata mai zaɓe ya riƙe kafin komai: perch garke yake yi, yana yawo kusa da ƙasan ruwa, kuma da rana yake kiwo, da dare sai ya lafa. Saboda haka mutum biyu za su iya zama tazarar mita 50 tsakaninsu da koto iri ɗaya, ɗaya ya cika bokiti ɗaya kuma ya tashi hannu rabbana. Wannan hali ya ƙara nauyi a Saginaw cikin shekaru 20 da suka wuce, domin garken ya ragu. Wajen 2003 wani ƙaramin kifi baƙo mai suna alewife, wanda ya daɗe yana cinye 'ya'yan sauran kifaye, ya kusa ƙarewa a tafkin Huron. Hakan ya buɗe wa kifin walleye, wani babban kifi mai cin ƙananan kifaye, hanya ya yawaita har hukuma ta daina zuba ƙanana a mashigin, amma da walleye ya rasa alewife sai ya koma kan 'ya'yan perch. Perch yana haihuwa sosai, sai dai kaɗan ne suke kai wa shekara ta biyu. Dalilin ke nan da hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Michigan a 2015 ta rage adadin perch da mutum zai iya ɗauka a rana daga 50 zuwa 25, ta kuma ƙara na walleye daga 5 zuwa 8. Labarin da dattawan Bay City suke bayarwa, na zamanin da ko'ina ka jefa ƙugiya sai ta fito da kifi, ba ƙarya ba ne, amma wannan zamani ya wuce. A yau tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: wace hanya ce take ba mutum damar ya bi garken, kuma da wane farashi?

Fatsa daga gaɓa ita ce mafi sauƙin kuɗi, kuma ita ce mafi ƙarancin 'yanci. Ƙasar da ke kewaye da mashigin shimfiɗaɗɗiya ce, tsohuwar fadama da aka mayar da ita gonaki, don haka an haƙa mata manyan magudanan ruwa da suke zuba cikin mashigin, musamman a gabas, daga Quanicassee zuwa Sebewaing har Bay Port da Caseville. Da ƙanƙara ta narke a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, perch yakan shigo waɗannan magudanai da bakin koguna da wuraren ajiye jiragen ruwa, domin ruwansu ya fi saurin ɗumi kuma lokacin zuba ƙwai ya gabato. Macen takan saki ƙwanta a dunƙule cikin wani dogon zare mai yauƙi da yake maƙalewa a ciyawa da rassan cikin ruwa, lokacin da ɗumin ruwan ya kai kamar digiri 7 zuwa 11 a ma'aunin Salshiyas. A wannan ɗan tsakani mutum yana iya ajiye motarsa a gefen hanya, ya zauna a kan bokiti, ya yi fatsa da sanda mara nauyi da ƙugiya biyu da 'yar dalma a ƙasa. Ana sake samun irin wannan shigowa a ƙarshen Oktoba da Nuwamba, lokacin da perch yake bin ƙananan kifayen da suke neman mafaka a magudanan.

Illar gaɓa ita ce lokacin gajere ne, kuma ba ya sanarwa. Wata shekarar ya yi mako 2 ko 3, wata shekarar ruwan sama ya wanko laka daga gonaki ruwan ya gurɓace har kifin ya daina ganin koto, wata ranar kuma iska ta tura ruwan mashigin waje magudanar ta janye. Ga shi kuma ƙananan maza ne suka fi yawa a farkon shigowar, don haka mutum yakan saki 4 ko 5 kafin ya sami wanda ya isa tukunya. Mai zaman gaɓa ba shi da ikon bin garke sai ta hanya ɗaya, wato ya tattara kayansa ya shiga mota ya koma magudana ta gaba, kuma masu yin hakan su ne suke samu. Wanda ya kafe a wuri ɗaya yini guda don kawai jiya an kama a nan, sau da yawa haƙurinsa ba ya biyansa. Duk da haka, ga mai iyali da yake son ya tafi da yara, ko ɗalibin da ba shi da abin kashewa sai kuɗin mai da na koto, babu hanyar da ta kai wannan kwanciyar hankali, domin abin da zai iya samunsa bai wuce sanyi da jiƙewar takalmi ba.

Jirgi shi ne yake warware matsalar bin garke gaba ɗaya, kuma lokacinsa Satumba ne da Oktoba. Da ruwa ya fara sanyi bayan zafin Yuli da Agusta, perch yakan haɗu cikin manyan garke a zurfin ƙafa 10 zuwa 20, a wurare irin su gaban Linwood da Pinconning da Au Gres, da gefen hanyar da aka yashe wa manyan jiragen dakon kaya daga bakin kogin Saginaw. A wannan lokaci kifin ya yi ƙiba bayan watannin kiwo, kuma manya sun fi yawa cikin abin da ake kamawa. Aikin ba shi da wuya: ana tafiya a hankali ana duba na'urar da take nuna ƙasan ruwa, idan an ga alamar kifi a kwance kusa da ƙasa sai a saki anka, a sauke koto har dalma ta taɓa laka, a ɗan ɗaga ta. Cizon perch ƙanƙani ne, bai wuce ƙwanƙwasa biyu a bakin sanda ba, wanda ya tsaya jiran a fizge masa sanda sai ya ɗago ƙugiya babu koto. Idan minti 20 ko 30 suka wuce babu motsi, a ɗage anka a matsa. Masu gwaninta sukan bar ƙugiya ɗaya cikin ruwa a kowane lokaci, domin garken yakan tsaya ne muddin yana ganin abinci, da zarar kowa ya ɗago don cire kifi ko cin abinci sai ya wuce.

Kuɗi ne babban abin da ke hana mutane wannan hanya. Mallakar jirgi tana tafe da rajista da mai da abin jansa a bayan mota da wurin ajiye shi duk tsawon hunturu, kuma ba shawara ba ce ga wanda zai fita sau 2 ko 3 a shekara. Mafita ita ce jirgin haya mai direba, wanda yakan kawo sanduna da koto, wani ma har ya gyara kifin, mutum 4 ko 5 su raba kuɗin. Sai dai a tambaya tun da wuri, domin yawancin masu hayar Saginaw walleye ne sana'arsu, ba kowanne ne yake fita neman perch ba. Akwai kuma batun iska. Ɓangaren mashigin na ciki ba shi da zurfi, matsakaicinsa kamar mita 5 ne, kuma ruwa mara zurfi idan iska ta taso yakan yi igiya gajeriya mai tsayi da take bugun ƙaramin jirgi a jere babu hutu. Iskar arewa maso gabas ta fi muni, domin tana tahowa daga tsakiyar tafkin Huron babu abin da ya tare ta. Mai haya zai soke fita a irin wannan rana, kuma a kaka irin ranakun suna da yawa, saboda haka wanda ya taso daga nesa ya sa a ransa cewa yana iya zuwa a ce masa yau babu fita. Wanda yake saurin jin jiri a ruwa ma ya yi tunani, domin jirgin da yake kan anka ya fi mai tafiya rangaji.

Fatsa ta kan ƙanƙara ita ce mutanenmu suka fi yi wa kallon mamaki, kuma ita ce ta fi bukatar a tsaya a kanta. Amfaninta a fili yake: a watannin Janairu da Fabrairu, idan sanyi ya kama sosai, duk mai ƙafa yana iya isa wurin da a da sai mai jirgi. Perch ba ya daina ci da hunturu, kuma a farkon ƙanƙara da ƙarshenta yakan matso ruwa mara zurfi, ƙafa 3 zuwa 8, kusa da ragowar ciyawar bara. Ana huda rami mai faɗin inci 5 ko 6 da abin haƙa na hannu ko mai batir, a kwashe ɓurɓushin ƙanƙarar da ludayi mai huji, a sauke koto da 'yar sanda da ba ta wuce kamu ɗaya da rabi ba. Wanda ya shiga ƙaramin tanti ya rufe ƙofa ya yi duhu, idan ruwan ya yi garau zai ga ƙasan mashigin ta ramin, ya ga kifin ya zo ya tsaya yana kallon koto, ya zuƙe shi ya furzar cikin ƙiftawar ido. Wannan kallo yana koya wa mutum halin perch cikin yini ɗaya fiye da abin da zai koya a gaɓa cikin shekara, kuma yana ba shi damar janye koto daga ƙarami ya jira babba. 'Yan yankin suna da wata ƙugiya tasu, ƙaramin ƙarfe mai ƙyalli mai siffar cokali da ɗan dutsen ado a bakinsa, ba ta da maƙali kuma ba a sa mata koto. Idan garke ya zo ana fizgo kifi a yar a kan ƙanƙara a mayar da ita nan take, amma sai hannu ya saba.

A kan ƙanƙara ma doka ɗaya ce, wato motsi. Mai huda rami 15 ko 20 yana bi ɗaya bayan ɗaya ya fi mai kafa tanti ya kunna hita ya zauna samun kifi, sai dai jin daɗin tanti yakan ɗaure mutum, kuma jan kaya a kan dusar ƙanƙara cikin sanyin da ya yi ƙasa da sifiri aiki ne na mai lafiya. Kayan ma ba arha ba ne ga wanda bai taɓa yi ba: takalmi mai hana sanyi da ruwa, riguna hawa-hawa, abin haƙa, keken ja, ƙarfen da ake ɗaurawa a tafin takalmi don kada a zame. Idan aka haɗa, sun kai kuɗin hayar jirgi sau fiye da ɗaya, ko da yake ana shekaru ana amfani da su.

Haɗarin ne ya bambanta wannan hanya da sauran biyun, kuma a ganina bai kamata a sassauta maganarsa ba. An saba cewa inci 4 na sabuwar ƙanƙara mai garai-garai sun isa ɗaukar mutum a ƙafa, kuma farar ƙanƙara mai haɗe da dusa ƙarfinta kamar rabin wannan ne, amma hukumar Michigan da kanta ba ta son a dogara da ƙidayar inci, domin kauri yana canzawa daga taku zuwa taku, musamman kusa da bakin kogi da wurin da ruwa yake gudana a ƙasa. Saginaw kuma yana da tasa matsalar ta daban. Bakinsa a buɗe yake ga tafkin Huron, don haka ƙanƙararsa takan tsage dogayen tsaga masu tafiyar kilomitoci, kuma idan iska mai ƙarfi ta taso daga tudu zuwa ruwa takan ɓalle falle guda ta tura shi waje da mutanen da ke kai. Ƙanƙarar tana iya zama mai kauri ƙwarai a ƙarƙashin ƙafar mutum, amma hanyar komawa gida ta zama ruwa. Jami'an tsaron gaɓar ruwa na Amurka da ke Essexville sun saba fita ceton masu fatsa da jirgi mai farfela a irin wannan hali. Wanda ya faɗa ruwan yana da kamar minti 1 ya daidaita numfashinsa, da kamar minti 10 kafin hannuwansa su daina yi masa biyayya, shi ya sa ake rataya wasu ƙusoshi biyu masu mariƙi a wuya don cakawa a ƙanƙara a jawo jiki, ake kuma tafiya da sandar ƙarfe ana dukan gaba kafin a taka. Bayan haka, lokacin kansa ba shi da tabbas yanzu: a hunturun 2024 ƙanƙarar manyan tafkuna ta yi ƙarancin da ba a saba gani ba tun da aka fara auna ta a 1973, masu kaya da yawa suka bar su a gareji.

Wasu abubuwan ba sa canzawa ko wace hanya aka bi. Duk wanda ya kai shekara 17 sai da lasisi, akwai na yini ɗaya akwai na shekara, na shekarar yana ƙarewa ranar 31 ga Maris, kuma sau biyu a shekara, a Fabrairu da Yuni, jihar takan ware ƙarshen mako da ake fatsa babu lasisi. Mutum ɗaya ba ya wuce zare 3 da ƙugiya 6 gaba ɗaya. Koton da ya fi karɓuwa shi ne ƙaramin kifi mai ƙyalli da ake sayarwa a shagunan bakin ruwa, sai guntun tana, da hunturu kuma tsutsa. Ragowar ƙananan kifin ba a zuba su cikin mashigin, a shara ake zubarwa don gudun yaɗa cuta. Mai shagon koto kuwa shi ne mafi sanin inda kifi ya ci jiya, tambayarsa ta fi duk wani tsohon labari amfani. Akwai wani ɗan kifi baƙo mai suna goby da ya shigo manyan tafkuna wajen 1990, yana zaune a ƙasa mai duwatsu yana satar koto, idan ya dami mutum sai ya ɗan ɗaga ƙugiya daga ƙasa ko ya sauya wuri.

Batun ci ma yana da muhimmanci, musamman ga wanda ya tashi da son tarwaɗa. Kogin Saginaw da mashiginsa suna ɗauke da ragowar gubar masana'antu ta shekarun baya, irin su dayoksin, wadda take taruwa a kitsen kifi, kuma ma'aikatar lafiya ta Michigan tana fitar da jagora da ke faɗin yawan abin da ya dace a ci daga kowane nau'i. Kifaye masu kitse da suke kiwo a laka, irin su tarwaɗar wurin, su ne gargaɗin ya fi tsananta a kansu, perch kuwa da yake ƙarami ne mara kitse yana cikin waɗanda suka fi sauƙi, amma mai juna biyu da ƙananan yara su duba jagorar kafin a mayar da shi abincin kowane mako.

Idan nufin mutum shi ne ya koma gida da kifin da zai ciyar da iyali, kuma yana da abokai 3 ko 4 da za su haɗa kuɗi, jirgin haya a tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba shi ne zaɓin da ya fi, domin shi kaɗai ne ya haɗa manyan kifi da ikon bin garke da mutumin da ya san ruwan, kuma ya kamata a nemi mai jirgin da zai yarda a ɗage rana idan iska ta ɓata. Idan nufin shi ne koyo, ko fita da yara, ko gwada ko abin zai shiga rai kafin a kashe kuɗi, to a fara da magudanan gabas a Afrilu ko Nuwamba da lasisin yini ɗaya, da niyyar zagaya wurare da dama kafin la'asar. Ƙanƙara kuwa ban ga dalilin da baƙo zai fara da ita shi kaɗai ba. Wanda ya sami ɗan gari da ya daɗe yana yi, ya bi shi a ranar da iska ba ta tasowa daga tudu, ya ari kaya maimakon saye, ya tsaya a ruwa mara zurfi kusa da gaɓa inda sauran mutane suke, kuma kada ya tsallake kowace tsaga ko da ya hango tantuna a gabanta.